Jawo, jawo, ɗan Kabi: yadda nake koya wa 'yan aji ɗaya waƙa

A jadawalin makarantarmu babu wani darasi mai suna waƙa. Tun da hukumar NERDC mai tsara manhajojin makarantu ta fito da manhajar karatun shekara 9, bayan dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004, aka tattara kiɗa da waƙa da rawa da zane da wasan kwaikwayo aka zuba su a darasi guda, wanda muke kira CCA. A makarantun ƙauye irin tamu, nan ƙasar Argungu, darasin yakan faɗa hannun wanda aikinsa bai da yawa, ko wanda bai iya cewa a'a ba. Ni ta hanya ta biyu ya same ni. Hedimasta ya ji ina 'yar waƙata ina cika rajista, sai ya ce, "Malama, tunda Allah ya ba ki murya, ga 'yan aji ɗaya da aji biyu nan." Ba ganga, ba littafi. Alli ne kawai, da minti 35 sau biyu a mako, da yaran da suka haura 70 a aji guda.

Allin ma bai tsinana mini komai ba. Yaron aji ɗaya bai iya karatu ba, ko ka cika allo da baituka kallon zane zai yi musu. Amma kuma ban taɓa samun yaron da ya zo kunnensa wayam ba. A bayan uwarsa ya fara jin lugude, taɓarya uku a turmi ɗaya ba wadda ke karo da wata. Yarinya kafin ta kai shekara shida ta riga ta tsaya a gefen dandali tana kwaikwayon tafin yayyenta masu gaɗa. Maza sun bi 'yan tashe da azumi, kuma dukkansu, maza da mata, sun saba da rera karatu da murya ɗaya a makarantar allo. Wato tafi da amshi suna nan a jikinsu tun daga gida. A kan waɗannan biyun na kafa komai.

Da tafi nake farawa, baki a rufe. Sai in yi wani gajeren tafi su maimaita, in sauya su sauya, in sassauta su sassauta. Wani lokaci mu zaga aji muna taka ƙafa daidai da tafin. Wanda ke gaggawa da wanda ke jan ƙafa duk nan nake gane su, ban kuma kiran sunan kowa, sai dai in sa shi kusa da wanda ya iya. Sai hannu ya zauna sannan in kawo amshi. Nakan rera waƙar duka sau ɗaya su ji inda za a, sannan in ba su amshin kaɗai. Idan na dafa ƙirjina, nawa ne. Idan na buɗe musu tafin hannu, nasu ne. Idan na dunƙule hannu sama, kowa ya yi tsit. Wannan alama ta ƙarshe ita ce ta fi wuyar koyo, kuma in babu ita, kada ka kuskura ka miƙa wa yara 70 abin kaɗawa.

Waƙar da ta fi karɓuwa a ajina ni na ƙaga ta, ta ƙirga ce. Yaranmu sun san homa da gora tun kafin su san fensir, wasunsu iyayensu na cikin masu faɗawa ruwan Matan Fada ranar bikin kamun kifi, makaɗa na binsu a kwalekwale. Don haka na ce:

Kifi ɗaya cikin homa,
Jawo, jawo, ɗan Kabi!
Kifi biyu cikin homa,
Jawo, jawo, ɗan Kabi!

Suna amshin suna jan homar da hannu biyu, har da nishi. Abin da ya sauƙaƙa ta shi ne daga ɗaya har goma kowace lamba gaɓa biyu ce, sai ka cire wannan ka dasa waccan, layin bai motsa ba. Sai dai gaɓoɓin ba nauyinsu ɗaya ba. Ni na rera "uku" da "shida" irin na littafi, su kuwa da bakin gida suka amsa, "ukku" da "shidda", gaɓar farko ta yi nauyi, ta cika gurbin tafin dam. Nasu ya fi daɗi, na bar musu. Da muka wuce goma ne waƙar ta cije, don "kifi sha ɗaya" ya yi wa layin yawa, kowa na tuntuɓe. Wata 'yar ƙarama a layin baya, wadda ko gaisuwa da ƙyar ake jin muryarta, ta ce, "Malama, a yada kifin." Aka yar da kifin. "Sha ɗaya cikin homa" ya zauna daram. Daga nan suka karɓe waƙar gaba ɗaya, suka shiga jefa sunayen kifaye: tarwaɗa, karfasa, kurungu, ragon ruwa. Duk wanda ya jefa giwan ruwa, sai ajin ya ja homar kamar za su faɗi.

Wannan batu na nauyin gaɓa shi ne abin da nake roƙon malamai su kula da shi. Mutum ya ɗauko karin wata waƙar Turanci ta yara, ya ɗora mata kalmomin Hausa da ƙarfin tsiya, doguwar gaɓa ta faɗa inda ake son gajera, sautin da ya kamata ya hau ya sauka. Yara za su rera don tsoron bulala, amma ba za ka taɓa jin ta a bakinsu a hanyar gida ba. Ni ma'aunina ke nan. In na ji waƙa a bakin rijiya ko wajen tallar ƙosai, ta shiga. In ba ta fita ƙofar aji ba, sai in sake mata gini ko in watsar.

Sai murya. Kada ka ce wa yaro "ɗaga murya", ihu zai yi maka, jijiyar wuya a miƙe, kafin a tashi ya dishe. Ni cewa nake, "Ku yi kamar kuna lallashin ƙanenku a goye, kada ya farka." Nan take muryoyin sukan yi laushi su haɗu. Haka kuma muryar babba tana ƙasa da ta yara, ballantana ta namiji. In malami ya ɗauko waƙa daga inda ya fi masa daɗi, sai ka ji yara na gurnani suna neman inda za su sa murya. Maganin abin mai sauƙi ne: in ce wa wata yarinya mai kunne, "Ɗauko mana," ni in bi ta. Lokaci ma yana da nasa. Da hunturu maƙogwaro a bushe yake, rabin aji na tari, sai mu yi gajeru mu yawaita tafi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40 a ma'auni, kwanon rufi na ƙuna, na roƙi a mayar da darasin farkon safiya, mu fita gindin dogon yaro. Malamin lissafi da ke maƙwabtaka da mu ya fi kowa murna da fitarmu, don ajinmu da nasa babu silin a tsakani.

Kayan kiɗa kuwa mu muka haɗa abinmu. Ƙananan goruna da tsakuwa a ciki, marafan kwalba da aka huda aka zura a waya, gwangwanin madara, sarewar karan dawa. Wanda ya fi burge su shi ne kiɗan ruwa: a cika babbar roba da ruwa, a kifa ƙwarya a kai, a buga da 'yan sanduna. In ka ɗan ɗaga gefen ƙwaryar iska ta fita ko ta shiga, amon ya sauya, sai su yi ta tambaya me ya sa. Biyar ko shida nake ba kaya a lokaci guda, saura na tafi, sannan a yi musanya. Maza da farko cewa suka yi waƙa da tafi wasan mata ne. Da na kawo musu bugu irin na gayyar noma da na filin kokawa, sai da na riƙa raba faɗa a kan gwangwani.

Kayan nan su suka jawo mini baƙo. Wata safiya wani dattijo ya zo, ya yi sallama, muka gaisa sosai, sannan ya ce, "Malama, ni ban kawo ɗana boko don shi zam maroƙi ba. Mu gidanmu mi yah haɗa mu da kiɗi?" Ban ga laifinsa ba. A ƙasar Hausa kiɗa sana'a ce ta gado, kuma mutanenmu suna da wata ɗabi'a mai ban mamaki game da ita. Wannan yanki na Kabi da Zamfara shi ya fitar da su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, ga gidan Ɗandawo a Yawuri. Mutum zai saurare su dare da rana, ya haddace baitukansu, ya kafa hujja da su a majalisa, amma ɗansa ya taɓa ganga sai ransa ya ɓaci.

Na ce masa, "Baba, zauna ka ji abin da muke rerawa." Na sa yaran suka yi ta ƙirga, suka yi ta kwanakin mako, suka yi wadda muka jera masarautun jiharmu huɗu, Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru. Sannan na tuna masa cewa a Islamiyyar da yake tura yaron da yamma, da waƙa ake haddace farillan alwala. Malam Abdullahin Gwandu da waƙa ya rubuta ilimi mai yawa, Nana Asma'u kuma waƙoƙi ta riƙa ba mata malamai da ake kira jajis suna kai wa matan ƙauyuka a ƙarni na 19. Ya ce wannan bai da ja a kai, shi gangar ce ba ya so. Ban shiga gardamar hukunci da shi ba, don ba fagena ba ne. Muka kai maganar gaban hedimasta da kwamitin iyaye, liman na zaune. Aka tsaya a kan cewa murya da tafi na kowa ne, abin kaɗawa sai wanda iyayensa suka yarda, kuma duk sabuwar waƙa zan karanta wa hedimasta kalmominta kafin ta shiga aji. Wasu abokan aiki sun ce na yi sanyi da yawa. Ni a ganina darasin da iyaye ba su aminta da shi ba bai da tsawon rai, kuma ɗan dattijon nan har yanzu shi ke ja mana baki a waƙar ƙirga.

Gwaji mafi girma ya zo a 2024. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya sa hannu aka dawo da tsohon taken ƙasa na 1960, aka ajiye wanda ake yi tun 1978. Muna tsakiyar zango na uku, kuma a cikin malamanmu babu wanda ya taɓa rera na 1960 ɗin yana ɗalibi. Wani tsohon malami mai ritaya a garin, wanda ya yi firamare kafin a sauya, shi ya zo ya rera mana, muka haɗa da wanda muka sauko da shi a waya. Take ba shi da amshi, ga Turanci mai tsauri, don haka na bi da shi ta hanyar da na saba. Muka fara da karin kaɗai, da "la la la", har ya zauna. Sannan na faɗa musu da Hausa abin da kowane layi ke nufi, na yanka shi gunduwa-gunduwa, in dafa ƙirji in faɗa, in buɗe hannu su amsa. 'Yan aji ɗaya sun riga 'yan aji shida kamawa, don su na 1978 bai yi kaka-gida a bakinsu ba. Manyan sukan faro na 1960 su ɓulle a na 1978.

Do-re-mi, wato sunayen matakan sauti, da rubutun kiɗa a kan layuka ban kai ƙanana wurin ba, kuma ban ga abin gaggawa ba. Hannu nake ɗagawa in sauti ya hau, in sauke in ya sauka, su bi da nasu hannun. Bahaushen yaro ai da hawa da saukar sauti yake magana kullum, kunnensa a horar yake. Na tabbatar da haka ranar da hedimasta ya yarda na gayyato mai kalangun mahautan kasuwarmu. Ya rataya kalangu a hammata, ya matse tsarkiya sautin ya hau, ya saki ya sauka. Bai buɗe baki ba ya kaɗa gaisuwa, ajin ya amsa da "Lafiya lau!" Ya shiga kaɗa sunaye, mai suna na miƙewa. An sami ruɗani tsakanin sunayen da karinsu ya zo ɗaya, yara uku suka miƙe tare, shi kansa sai da ya yi dariya. Da zai tafi na miƙa masa ɗan abin goro, ya ce, "Malama, bar shi. Yau na hwara shiga aji."

Abin da har yanzu bai yi mini daɗi ba shi ne jarrabawa. A takarda ake yin ta: kawo sunayen kayan kiɗa uku, cike gurbi, zaɓi amsa. Yarinyar da ta gyara mini waƙar ƙirga ba ta iya rubuta "kalangu" ba tukuna, sai ta tashi da maki kaɗan a darasin da ta fi kowa iyawa. Don haka makin gwajin cikin zango, wanda yake hannuna, a aikace nake ba da shi. Ina kiran su biyar-biyar, in duba wa ke riƙe tafi bai kauce ba, wa ke shiga amshi a kan lokaci, wa zai iya ja wa 'yan'uwansa baki. Ban taɓa tsayar da yaro shi kaɗai gaban aji ya rera ba, sai in shi ya nema.

Waƙoƙina na ƙirƙira sun soma ƙarewa, shi ya sa yanzu nakan bi tsofaffin matan unguwa da waya ina ɗaukar na reno da na daɓe da na dandalin zamaninsu. Sai an tace, don wasu na habaicin kishiya ne, wasu kuma ba su dace da bakin yara ba sam. Wata tsohuwa da na je wurinta ta ce ba za ta rera wa waya ba, in ina so in kawo mata yaran. Na ce, "To Inna, ko ke ki zo mana?" Ta ce sai an gama yankan shinkafa.