Godiya Bayan Ƙashin Ƙafata Ya Haɗe

Assalamu alaikum. Cikin ikon Allah, a Juma'ar da ta gabata na taka zuwa masallaci ba tare da sanda ba, karo na farko tun bayan hatsarin babur da ya karya mini ƙwauri wata 16 da suka wuce.

Waɗanda suka riƙa zuwa dubiya sun san cewa ƙin haɗewar ƙashin ne ya fi tayar mana da hankali. An yi mini aiki an sa ƙarfe, amma har wata 9 hoton ƙashi yana nuna bakin karayar a buɗe, domin ƙasan ƙwauri wuri ne da jini ba ya wadatarsa sosai. A nan likitana ya ce kafin a yanko ƙashi daga ƙuguna a dasa, mu jarraba na'urar maganaɗisun lantarki. Naɗin waya ce da ake ɗaurawa daidai kan karayar, tana aika bugun maganaɗisu wanda ke haifar da ɗan lantarki marar ƙarfi a cikin ƙashi, ya zaburar da ƙwayoyin da ke gina shi. Ba ta zafi, ba ta motsi, shi ya sa na yi shakkarta da farko, sai da ya bayyana mini cewa tun 1957 masana biyu a Japan, Fukada da Yasuda, suka gano ƙashi yana fitar da lantarki idan an matsa shi, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan magani a 1979. Bai ɓoye mini cewa ba kowa take yi wa aiki ba, musamman idan giɓin ya yi faɗi, kuma wannan gaskiyar tasa ce ta sa na amince.

Ina godiya gare shi da ma'aikatan jinya. Ina godiya ga yayana da ya sayo na'urar daga Ingila, da Hajiyarmu da ba ta gajiya da addu'a. Maiɗakina kuwa, wata 5 cur tana ɗaura mini ita kowane dare tana rubuta sa'o'in a littafi, idan an ɗauke wuta ta kai batirin gidan maƙwabcinmu mai sola, wanda bai taɓa karɓar ko kwabo ba. Abokan kasuwa da suka riƙe mini shago, Allah Ya saka muku da alheri, Ya bai wa masu jinyar karaya lafiya.