Tarihin Rayuwata, Kashi na 19: "Mi yac ce? Wa yaj ji?"

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya a inda na ajiye aikin rajistaran kotu, mutanen unguwa suka sa ni cikin dattawan da ake tasowa idan rigima ta ɓarke. Na so in ci gaba daga nan, sai na ga tambayoyin da aka turo kusan duk a kan abu guda suke: zargin ɓatanci ga Manzon Allah (S.A.W.), da abin da mutum zai yi idan ihun ya tashi a gabansa. To yau zan jingine labarin kaina, in zube muku abin da aikin ya koya mini.

Duk ɗan Sakkwato ya san ranaku biyu. Ranar Alhamis 12 ga Mayu 2022 aka kashe wata ɗaliba Kirista a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, aka ƙona gawarta, a kan saƙon murya da ta tura a zauren WhatsApp na ajinsu. Majalisar Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ta yi tir da kisan. Ranar Asabar 14 ga wata matasa suka fito neman a saki mutum biyu da aka kama, aka farfasa shaguna, aka taɓa coci-coci, Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa dokar hana fita ta awa 24. Wata goma sha uku bayan haka, ranar Lahadi 25 ga Yuni 2023, saura kwana uku Babbar Sallah, aka jefe wani mahauci a babbar kwata a kan zargin ɓatanci har ya mutu. Wannan Musulmi ne, mai sallah, cikin abokan sana'arsa. Wanda ke ganin wutar nan maƙwabcin da ba Musulmi ba kaɗai take ci, sai ya riƙe wannan rana ta biyu.

Yadda abin ke tafiya kusan iri ɗaya ne ko'ina. Waɗanda suka ji maganar da kunnensu ba su cika wuce biyu ko uku ba, kuma galibi da ma gardama ake yi da su. Sai sahu na biyu, waɗanda suka ji daga bakin na farko, a nan an riga an yanke kan maganar da gindinta. Sahu na uku su ne masu yawa, su ne masu duwatsu, abin da ya iso musu kalma uku ce kawai: "Ya zagi Annabi." Ka tsayar da yaro daga cikinsu ka ce masa, da harshenmu na nan, "Ɗana, mi yac ce?" Zai ce maka, "Baba, abin ba ya hwaɗuwa." Ka ce, "To wa yaj ji?" Sai ya waiga ya nuna taro. A nan matsalar take: maimaita kalmar ana ganinsa saɓo, don haka babu mai tambaya, babu mai faɗa, zargin yana gudu ba tare da maganar da aka ce an yi ba. Mai tsohuwar gaba ta bashi ko ta rumfar kasuwa ya san da wannan ƙofa sarai.

Ba zan ɓoye abin da ke cikin littattafanmu ba. A mazhabar Malikiyya hukuncin wanda ya tabbata ya zagi Annabi mai tsanani ne, Risala ta ambace shi, Ashafa ta Alƙali Iyal da ake karantawa cikin azumi ta ware masa kashinta na ƙarshe. Amma wanda ya zauna ya karanta wannan kashi har ƙarshe zai ga aikin alƙali ne tun daga farko. Iyal ya rarrabe fuskokin magana: akwai zagi ƙarara, akwai lafazi mai harshen damo da malamai suka yi saɓani a kansa, akwai wanda ke hakaito maganar wani don ya ba da shaida ko ya yi raddi, kowanne da matsayinsa. Ya kuma faɗa a sarari cewa idan shaida ba ta cika ba, kamar mutum ɗaya ne ya shaida, ko tarin mutanen da ba a tabbatar da adalcinsu ba, to an tunkuɗe kisa, sai abin da shugaba ya gani. Ku lura da wannan. Taron da ke ihu a titi shi ne ainihin shaidar da littafin ya ce ba a kisa da ita.

A kotu ana bukatar iƙirarin mutum da bakinsa yana cikin hankalinsa, ko shaidu biyu maza adalai. Ana shigo da su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi lafazin, da wuri, da lokaci, rajistara yana rubutawa. Idan lafazin wannan ya saɓa da na wancan, shaida ta yi rauni. Ana binciken ko akwai ƙiyayya tsakanin shaida da wanda ake tuhuma, don shaidar maƙiyi a kan maƙiyinsa ba ta karɓuwa. Ana duba lafiyar ƙwaƙwalwa. Kafin hukunci kuma sai an yi i'izari, wato alƙali ya tambaye shi ko yana da sauran hujja ko suka ga shaidu. Bayan duk wannan akwai ɗaukaka ƙara. Wanda ya tsallake alƙali ya zartar da kansa, malamai suna kiran aikinsa shisshigi ga shugaba, laifi ne mai zaman kansa ko da zargin gaskiya ne. Ƙonawa kuwa, hadisi ingantacce ya ce babu mai azaba da wuta sai Ubangijin wuta. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta ce idan fasiƙi ya zo da labari a yi bincike. Kuma lokacin da Abdullahi ɗan Ubayyu ya yi mugun furucin da Suratul Munafiƙun ta hakaito, Sayyidina Umar ya nemi izinin sare shi, Annabi ya hana, don kada mutane su ce Muhammadu yana kashe sahabbansa.

Ta fuskar dokar ƙasa, kotunan shari'a da jihohinmu suka faɗaɗa tun 2000 Musulmi suke yi wa shari'ar laifi. Wanda ba Musulmi ba gaban majistare ake kai shi, kuma sashe na 210 na tsohon kundin Penal Code na Arewa ya tanadi ɗauri har shekara biyu, ko tara, ko duka biyu, ga wanda ya ci zarafin addini a bainar jama'a. Wanda ya yi jifa har rai ya fita, sashe na 221 ne nasa, kisan kai, ko dutse ɗaya ya jefa cikin ɗari. Matasa sukan ce hukuma ba ta yin komai. Ga Kano: malamin nan Abduljabbar Nasiru Kabara an hana shi wa'azi a 2021 bisa zargin ɓatanci, aka yi muƙabala, aka gurfanar da shi, kotu ta yanke hukunci a Disamba 2022, ba a ƙona rumfar kowa ba. Inda na yarda hukuma ta gaza shi ne ɗaya ɓangaren, wato hukunta masu kisa. Mutum biyun da aka kama a Sakkwato a 2022 kan kisan ɗalibar nan tuhumar haɗa baki da tayar da hankali aka yi musu, ba ta kisa ba. Yaron da ya ga haka, me zai hana shi ɗaukar dutse a kwata?

Yanzu ga aikin kansa, ga wanda Allah ya sa abin ya faru a gabansa, shugaban makaranta ne, ko Sarkin Fawa, ko shugaban 'yan kasuwa. A lissafina kana da kamar kwata ɗaya na awa kafin sahu na uku ya iso.

Fara da mai zargi. Mutane suna mantawa da shi su ruga wajen wanda ake zargi, alhali shi ne bakin wutar. Muddin yana tsaye cikin mutane zai yi ta maimaita labarin, kowane maimaici da ƙari. Dattijo ɗaya ya kama hannunsa da girmamawa, ya ce, "Malam, ka yi kishin addini, zo ka ba da shaida yadda ya kamata," ya shigar da shi ofis, a ba shi takarda da biro ya rubuta abin da ya ji, ya sa suna da hannu. Idan su biyu ne, a raba musu ɗaki. Da yawa a nan murya ke sauka, "ya ce" ta koma "kamar dai ya ce."

Shi kuwa wanda ake zargi, a hana shi magana. Zai so ya kare kansa, ya ce ni abin da na faɗa shi ne kaza, sai ya maimaita kalmar gaban mutum hamsin, ya samar wa kansa sababbin shaidu. Kuskure mafi muni kuma shi ne kulle shi a ɗakin da taro ya ga an shigar da shi. Ɗalibar nan a ɗakin masu gadi aka ɓoye ta, daga nan aka ciro ta. Ɗaki mai ƙofa ɗaya da rufin kwano tarko ne, yana sayo maka mintoci kaɗan kawai, ka yi amfani da su wajen kawo mota ta ƙofar baya. Mota nake nufi, mai rufi, mutum biyu su sa shi tsakiya a kujerar baya. Kabu-kabu ba ya yi, fizge shi za a yi. Kada kuma a kai shi ƙaramin caji ofis na unguwa mai 'yan sanda huɗu ko biyar, taro zai bi sawu, a wuce da shi hedikwata kai tsaye. A Kano a 1994 daga inda hukuma ta tsare mutum aka je aka ciro shi.

Waya mutum uku za su buga a lokaci guda: ɗaya Difi'o, wato shugaban 'yan sandan yankin, a layinsa na hannu, ɗaya hakimi ko mai unguwa, ɗaya limamin da matasan wurin ke jin maganarsa. Akwai lambar gaggawa ta 112, a gwada ta, amma kada a zauna jiranta. Lambobin nan tun yau ake ajiye su, a manna a bangon ofis. Mai kira kada ya ce "ana rikici" kawai. Ya ce, "Yallaɓai, zargin ɓatanci ne, wuri kaza, mutane sun kai ɗari, an fara tsintar duwatsu, ƙofar gabas a buɗe take." Da wannan ne jami'i zai san ko mota ɗaya zai turo ko 'yan kwantar da tarzoma. 'Yan sanda biyu da barkonon tsohuwa ba sa tarwatsa irin wannan taro, sai dai su harzuƙa shi, harbi sama kuma yana kiran waɗanda ba su ma ji labari ba. Wani ya zagaya wajen 'yan bumburutu da masu faci da ke kusa, su kwashe galan-galan da tsofaffin tayoyi. Ƙaramin abu ne, amma wuta ba ta tashi sai an samu abin hura ta a kusa.

Tsayuwa gaban taro ita ce mai haɗari, kuma mutum ɗaya ba ya yin ta. Wanda ya tsaya shi kaɗai za a ce "kai ma irinsa ne." Dattawa uku ko huɗu, kafaɗa da kafaɗa, fuskokin da aka sani. A buɗe da abin da muka gada wajen kashe faɗa: "Jama'a, ku yi wa Annabi salati." Babu wanda zai ƙi amsawa, kuma bakin da ke salati ya bar ihu na ɗan lokaci. A maimaita sau uku. Kada ka ce "bai yi ba," ba ka sani ba, kuma ka zama lauyansa. Kada ka ce "a yi haƙuri, ba komai," a kunnensu ka raina Manzo. Abin faɗa shi ne: "Yana hannun hukuma, kotu za a kai shi. Duk wanda ya ji da kunnensa ya matso ya ba da suna, gobe zai rantse gaban alƙali." Sai ka ga ana kallon juna. Sannan ka riƙa kiran na gaba-gaba da sunansu da na iyayensu: "Kai ɗan wane, ajiye dutsen nan, na san ubanka." Yaro cikin taro gani yake ba a ganinsa, da ya ji sunan ubansa ya dawo mutum ɗaya.

Sauran wayoyi. Saƙon murya ko hoton rubutu, a adana kwafi ɗaya a miƙa wa 'yan sanda, mai kula da zaure ya rufe turo saƙo nan take. Mai yaɗa shi don "a ji abin da aka ce" yana watsa zagin da yake ikirarin ƙi, zuwa kunnuwan da da ba za su taɓa jin sa ba. Zauren aji ko na 'yan kasuwa da ya haɗa Musulmi da Kirista, a rubuta ƙa'ida tun ranar buɗe shi cewa karatu ko ciniki kawai, kuma ta hau kowa. Maƙwabtanmu Kiristoci da baƙin da ke zuwa karatu ko bautar ƙasa, a gaya musu tun ranar isowa, cikin mutunci, nauyin sunan Annabi a garin Shehu. Mu ma aya ta 108 a Suratul An'am ta hana mu zagin abin bautar wasu.

Idan abin ya faru Laraba ko Alhamis, aikin bai ƙare ba sai an wuce Juma'a. Limamai su haɗu kafin huɗuba su daidaita baki, a sa ido a ƙofofin masallaci bayan sallama, masu shaguna a Titin Ahmadu Bello da kewayen Babbar Kasuwa a sanar da su da wuri. Dokar hana fita kuwa, mai tallan ruwa da ɗan dako da mai kabu-kabu ne ke kwana da yunwa a cikinta, ba wanda ya fara ihun ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma inda na tsaya, in ba ku labarin zaman sulhu na farko da aka sa ni, a kan katangar da ta shiga filin maƙwabci da taku biyu.