Jakar Islamiyya Daga Ledar Ƙyallaye

Asabar, bayan isha'i.

Yau dai na sauko da ledar ƙyallayen nan da ke saman sif tun ƙaramar Sallah. Hannun jakar autata ne ya tsinke shekaranjiya, ta dawo daga islamiyya rungume da littattafanta a ƙirji. Maigida ya ce a bari sai ya shiga Sabon Gari ya sayo wata. Na ce a'a, ga keken ɗinki a ɗaki, ga guntayen yadi zube.

Da na juye ledar a tabarma sai aiki ya tsaya. Ga ragowar atamfar ankon bikin ƙanwata, wadda muka sayo a Kantin Kwari, turmi mai yadi 6 amma ɗinkin bai cinye ba. Ga shuɗiyar shaddar da ta saura daga kaftanin maigida. Can ƙasa kuma na ci karo da wani ƙyalle ruwan goro, bai fi tafin hannu biyu ba, na zanin marigayiya Inna. Na daɗe riƙe da shi, har na kai hanci ko zan ji ƙamshin turarenta. Babu, sai warin ajiya. Allah ya jiƙanta.

An ɗauke wuta, don haka da dutsen guga na gawayi na goge su, domin ƙyallen da ba a goge ba ƙarya yake yi wajen awo. Na yanka su murabba'i, inci 5 kowanne, tara a gaba tara a baya. Shafi na yi da shaddar. Gindin jakar da hannayenta kuwa tsohon wandon jins na farke, don atamfa kaɗai ba ta jure nauyin littattafai. Wajen haɗa hannun allura ta karye, jins ninki huɗu ba wasa ba ne. Na sauya mai kauri, na daina taka keken, na riƙa juya shi da hannu a hankali. Zif ma sau biyu ina farkewa kafin ya kwanta.

Ƙyallen Inna ban sa shi a waje ba, rana da wanki za su koɗar da shi. Aljihu na yi da shi daga ciki, na fensir da kuɗin tara.

Da la'asar yarinyar ta shigo, ta zura hannu, ta tsaya.

"Umma, wannan ba zanin Inna ba ne?"

Ban zaci za ta gane ba, shekararta biyar aka yi rasuwar. Na ce shi ne, 'yar nan. Ta zuba littattafanta, ta rataya, ta leƙa maƙwabta nunawa.

Bayana na ciwo, ga zare ko'ina a ɗaki, sai da safe na share. Ita kuwa ta yi barci jakar na gefen matashinta.