Bargon ƙyallaye da zanen gado: abin da muke ɗinkawa a Tawa

Shagona ɗaki ɗaya ne da rumfa, a ƙofar gidanmu cikin garin Tawa, a Nijar. Muna da keken ɗinki biyu na ƙafa, Butterfly, amma wanda ya leƙo zai fi tarar da mu zaune bisa tabarma, kowa da allura a hannu, ni da ƴan matan da nake koya wa aiki. Ba ma ɗinka riga da zane, ba ma karɓar kayan salla. Teloli sun cika gari, kuma sun fi mu sauri nesa ba kusa ba. Namu kayan kyauta ne: zanen gado mai aikin hannu da rigunan matashin kai na amarya, majanyi da ƴan rigunan jariri na suna, jakar Alƙur'ani, sai kuma bargon ƙyallaye, wanda ya fi komai cin lokaci, kuma da shi aka fi saninmu.

Da wuya ka ga wanda ya shigo nan don ya saya wa kansa. Ko uwa ce za ta aurar da ɗiya, ko gwaggo ce ɗiyar ƙanenta ta haihu, ko kuma ɗa ne yake son ya faranta wa tsohuwa. Adar, wato yankinmu na Tawa, ƙasar ƴan ci-rani ce, kowa ya sani. Akwai gidajen da mazansu kaf suna Abijan, wasu Libiya, wasu Aljeriya. Da yawa daga cikin masu ba ni aiki ban taɓa ganin fuskarsu ba. Sai dai in ji murya ta WhatsApp: "Hajiya, ina yini, ina gajiya? Ƙanwata za a yi wa aure bayan layya, ina son abin da ba a gani a kasuwa." Ya turo kuɗi ta Nita ko Amana, mu yi aiki, in ɗauki hoto in tura masa, yaro ya kai kaya gidansu. Tukwicin da ake ba yaron nan wani lokaci har ya fi abin da ni na ci a aikin, amma wannan tsakaninsa da su ne.

Ba na yaudarar kaina game da kasuwa. Ranar Lahadi ka shiga kasuwar Tawa, za ka ga barguna na Sin tuli guda, masu laushi, masu hoton damisa da furanni, cikin jakar leda mai zif. Da kuɗin bargona ɗaya sai ka ɗauki biyu ko uku. Ga na gwanjo kuma, da suka fi su araha. Mai neman abin rufa saboda ɗari kawai, ni da kaina nake ce masa ya je can. Abin da injin ba zai iya yi ba shi ne ya ɗauki tsohuwar atamfar uwar mutum, wadda ta goya shi da ita, ya sa ta a tsakiyar bargo. A nan muke cin abinci.

Yadda ake yin bargon ke nan. Mace za ta zo da ƙunshin zannuwa: na ankon bikin wance, na sunan wane, wanda miji ya aiko daga Abijan shekarar da aka gina gida. Da farko muna zama da ita mu zazzage, domin ba kowane zane ne ke shiga ba. Ina ɗaga shi sama wajen hasken rana; inda haske ya ratsa sosai, wurin ya mutu, ko an ɗinka shi wanki biyu zai yage. Zanen ɗaurawa ta wajen mazauni da gwiwa yake fara cinyewa, gefensa kuwa sau da yawa yana nan da ƙarfinsa, don haka daga nan muke yanka. Leshi da yadi mai santsi ba na haɗa su da atamfa, domin ba tare suke ja ba, bargon sai ya karkace. Shadda tana shiga idan an wanke ta ta saki, amma tana cin yatsa, allura ba ta son ta.

Komai sai an wanke shi kafin almakashi ya taɓa shi, har sabon yadin da za a yi bayan bargon da shi. Sabon yadin auduga yana tsukewa a wankin farko, tsoho kuwa ya riga ya gama tsukewarsa. Idan aka haɗa su ba wanki, ranar da mai shi ta jiƙa bargon zai tattare. Ga kuma rini. Jan zane da mai shuɗi su ne ƴan zuba, sai mun jiƙa su daban mun ga ruwan ya fita fari. Bayan nan guga, da dutsen gawayi, sannan yanka. Muna da kwali mai kusurwa huɗu, santimita 12 kowane gefe, da shi ake zana layi da alli, a bar santimita ɗaya ta kowane ɓangare don ɗinki, ƙyalle ya tashi a 10. Katifar gado mai wuri biyu faɗinta 140 ne, tsawonta 190, kuma bargo sai ya zubo ta gefe, saboda haka ana neman wajen mita 2 a mita 2. Wanda ya iya lissafi ya san ƙyalle 400 ke nan.

Jerawa a ƙasa ita ce inda ake gane mai ido. Ana share tsakar ɗaki, a shimfiɗa ƙyallayen duka, a tashi tsaye a duba daga bakin ƙofa. Atamfa surutu gare ta, kowace tana son a gan ta, idan ka jera masu ƙarfi kusa da juna ido ba ya samun wurin hutawa. Shi ya sa nake raba su da yadi marar zane, fari ko ruwan ƙasa. Haɗa ƙyallayen layi-layi da keke muke yi, ba na ɓoye wa kowa wannan. Aikin hannu yana farawa ne bayan an yi shimfiɗa uku: bayan bargo a ƙasa, ciko a tsakiya, fuskar ƙyallaye a sama. Cikon nan ko auduga ce da aka shiɓe aka baje, ko tsofaffin zannuwa biyu masu laushi. Na fi son zannuwa. Auduga ta fi ɗumi, amma idan layukan ɗinki suka yi nisa da juna sai ta dunƙule bayan wanki, kuma ɗarinmu na Disamba da Janairu ne, daga Maris zafi ya kama hanya, bargo mai nauyi sai ya shekara cikin akwati.

Ana fara kama shimfiɗun uku da manyan ɗinki na wucin gadi, daga tsakiya zuwa baki, kada a fara daga baki, in ba haka ba yadi ya taru a ciki ya yi tumbi. Sannan a zauna. Allura ta nutse ta fito, ta nutse ta fito, ɗinki ƙanana masu tsawo ɗaya, tsakanin layi da layi kamar faɗin yatsa huɗu. Muna goga zare a kakin zuma don kada ya riƙa ƙullewa, ƙullin farko kuma ana jan shi ya shige cikin ciko, kada a gan shi ta gaba ko ta baya. Sabuwar yarinya ba na sa ta a bargon mutane. Sai ta yi watanni tana ɗinka majanyi da tsumman riƙe tukunya, har in juya aikinta in ga bayansa ya yi kyau kamar gabansa. Mu uku ko huɗu muke kewaye bargo ɗaya, kuma duk da haka yana cin makonni.

Akwai aikin da nake taka-tsantsan da shi ƙwarai, wato idan aka kawo zannuwan wadda ta rasu. Yana faruwa sosai. Ɗiya ta zo da ƙunshi, ido ya yi ja, ta ce na Inna ne. Ina yi mata gaisuwa, in ba ta ruwa, sannan in tambaye ta ko an raba gado. Tufafin mamaci dukiya ce ta magada, ko da zane ɗaya ne, kuma almakashi ba ya komawa baya. In ta ce rabonta ne, ko ƴan'uwa sun yafe mata, sai mu ci gaba. In ta yi shiru, sai in ce, "Ɗiyata, koma ki yi magana da yayyenki, aiki ba ya gudu." Wasu suna jin haushi, su tafi ba su dawo ba. Wasu kuma sai su dawo su uku, a ce a yi ƙananan barguna uku maimakon babba ɗaya, kowa ta samu ƙyalle daga kowane zane. Irin wannan aikin ba na barin yara su yi ta hira da dariya a kansa.

Zanen gado kuwa tsohuwar sana'ar mata ce a ƙasar Hausa. Aikin babbar riga, su aska biyu da aska takwas, an fi sanin maza da shi, amma kwalliyar ɗakin amarya ta mata ce tun iyayenmu, kuma wurin mahaifiyata na koya. Farin yadi mai kauri, a zana fure ko dagi da takardar kabon, a ɗaure wurin cikin zoben katako don ya miƙe, a bi da zare mai launi. Zaren kwalliya na kamfanin DMC sili shida ne a murɗe. Ana raba shi, a yi ganye da sili biyu, a cika fure da uku. Akwai masu kama da shi barjat a kasuwa, masu sheƙi a ido, amma kafin in saya sai na tsinki kaɗan na jiƙa na murza a farin ƙyalle. Jan zare marar kyau ɗaya ya isa ya ɓata zanen gado gaba ɗaya.

Yanzu kowa suna yake so a rubuta. Sunan amarya da ango, ranar aure, wani da boko, wani da ajami. Ina yi. Abin da ba na yi shi ne sa sunan Allah ko aya a kan abin da za a kwanta ko a zauna a kai, ko nawa za a biya. Ranar haihuwa a majanyi ma ina ba da shawarar a bari, domin majanyi mai kyau yana goya ƙanne uku, to ranar wa za a bari a jiki?

Kayan aiki yawanci ta Ƙonni suke shigo mana, daga Illela, daga Sakkwato da Kano. Shi ya sa duk abin da ya taɓa iyaka ya taɓa allurarmu. Da Najeriya ta rufe iyakokinta a Agustan 2019 mun ji a jikinmu, haka kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa takunkumi, aka rufe hanya, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya. Wutar ba ta tsayar da mu ba, tunda kekenmu na ƙafa ne, dutsen gugarmu na gawayi, sai dai aikin dare da ya ragu. Zare da farin yadi ne suka yi tsada, wasu launuka ma suka ɓace. Mahaifiyata takan ce ba sabon abu ba ne, ita ta ga Janairun 1994 da aka karya darajar sefa da rabi, atamfar waje ta gagari mutane. Tun daga 2023 nake sayen zare da yawa idan na samu, in ajiye cikin gwangwani saboda ƙura da gara. Jarin kuwa daga asusun mata yake fitowa, irin tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a Maradi a 1991: zubi kowane mako, rance idan aiki ya taso, biya idan an karɓi kaya.

Sa kuɗi shi ne wuri mai wuya, kuma ba baƙi ne ke wahalar da ni ba, dangi ne. Baƙo zai yi ciniki, a daidaita, ya ba da rabi, ya cika ranar karɓa. Ƴar'uwa kuwa sai ta ce, "Haba Yaya, ƙyallayen ma ai nawa ne, zare kawai za ki sa." Zare kawai! Idon yaran nan fa, da bayansu, da kuɗin hayar rumfa, da lanho, wato haraji? Na daidaita abin haka: duk ɗiyar gidanmu da za a aurar, rigunan matashin kai biyu kyauta ne daga gare ni, duk jaririn da aka haifa yana da majanyi. Wannan gudummawata ce, ba a roƙo, ba a godiya mai tsawo. Abin da ya wuce nan, kuɗinsa ɗaya da na kowa. An yi ta gunaguni da farko, har aka kai ƙarata wurin gwaggonmu, ita kuwa ta ce ai ko mai tuwon sayarwa ba ta ciyar da dangi da tukunyar kasuwa. Magana ta mutu a nan.

Wasu suna ce mini in koma Yamai, wai can ne masu kuɗi. Na kai kaya SAFEM, baje kolin sana'ar hannu ta mata da ake yi a can, na ga matan Agadas da aikin fata, na ga tera-tera, bargon saƙa na Zabarmawa, na kuma sayar da abin da na kai. Amma mai saye a baje koli abin da ya gama haɗuwa yake so, ya ɗauka ya tafi, ni kuwa rabin aikina zama ne da mai kaya ana tona ƙunshi. Jakunkuna da ƙananan shimfiɗun tebur nake aikawa Yamai ta motar fasinja, wata ƙawata tana sayar mini. Barguna suna nan gida.

Aure ya fi yawa bayan kaka, idan an sayar da albasa da wake, ƴan ci-rani sun turo, da kuma gab da azumi da bayan layya. Mai son bargo na watan Disamba ya kawo ƙyallayensa tun damina, domin a Afrilu da Mayu zafin Tawa yana wuce digiri 40, gumi yana ɓata farin yadi, ba wanda zai iya rungumar bargo a cinya da rana. Lokacin nan aikin safe kawai muke yi, na yanka da jerawa. Idan kuma kaya ya isa hannun mai shi, abin da nake roƙo kaɗan ne: a wanke da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, kada a sa ruwan Javel mai cin launi, kada a murɗe, a shanya a inuwa bisa igiya biyu don nauyin ruwa kada ya ja ɗinkin. Wurin da ya fara sakewa a dawo mana da shi tun yana ƙarami, gyaran bargonmu ba ma karɓar ko dala.