Darussan zaman Jamus: wasiƙa, yare da sana'a

Duk wanda ya daɗe yana aiki da sababbin baƙi a Jamus ya san ba sanyi ke fara kayar da mutum ba, takarda ce. Sai ka ga ƙato wanda ya ƙetare hamada da teku, ambulan ɗaya ta durƙusar da shi, don ya cusa ta a durowa bai buɗe ba.

Daga adireshi komai ke tashi. Doka ta ba da mako biyu bayan tarewa a je ofishin gari a yi rajistar mazauni, tare da takardar shaida daga mai gida. Bayan nan lambar haraji ke zuwa ta gidan waya. Idan babu sunanka a jikin akwatin wasiƙu, mai rabon wasiƙu zai koma da ita, hukuma kuwa tana can tana ƙirga kwanaki. Ambulan ruwan ɗorawa ita ce abin tsoro: daga kotu ko hukuma take, ana rubuta ranar da aka kawo ta a jikinta, kuma daga ranar wa'adi ke farawa. Saboda haka ita kanta ambulan ɗin ba a yar da ita. Yawancin hukuncin ofis wata ɗaya ake da shi a ƙalubalanta, amma a neman mafaka yakan zama mako biyu, wani lokaci ma ɗaya.

Sai yare. Kwas ɗin sajewa da jama'a, wanda ake yi wa sababbin baƙi, darasi 700 ne, kowanne minti 45: 600 na Jamusanci, 100 na doka da tarihin ƙasa, a fita da matakin B1, wato matsakaicin mataki na iya yaren. A nan ake yawan zubewa. Waya ta yi ta ƙara daga gida, ga kuɗin makaranta, ga biki, ga rashin lafiya, sai mutum ya bar aji ya koma aikin bayan fage. Kuɗin hannu da daɗi, amma babu takardar albashi, babu fansho, in an kama kuma izinin zamansa a ƙasar na iya lalacewa. Takardar albashin nan ita mai gidan haya zai nema, ita ofishin baƙi zai nema. Waɗanda suka tsira galibi sun yanke wa gida adadi ɗaya a wata, suka faɗa a fili, suka jure gorin da ya biyo baya.

Koyon sana'a yana cin shekara biyu zuwa uku da rabi, wasu kwanaki a wurin aiki, wasu a makaranta. Alawus ɗinsa bai kai abin da lebura ke samu ba, wanda a 2025 mafi ƙarancin ladansa Yuro 12.82 ne a awa. Shi ya sa mai digiri, ko wanda ya bar shago da yara a gida, ke jin an ƙasƙantar da shi in yaro ɗan shekara ashirin na nuna masa riƙon sukundireba. Hannu dai ba ya ba mutanenmu matsala. Jarrabawar rubutu ce ke kayar da su, don B1 ya isa cefane da gaisuwa, bai cika isar tambayoyin lantarki ko jinya ba. Gara a ƙara zuwa B2, matakin da ke gaba da B1, kafin a shiga.

Idan aka samu aiki, watannin gwaji kan kai shida, kuma a cikinsu sanarwar mako biyu ta isa a sallami mutum ba tare da an faɗi dalili ba. Makara ta minti goma ana rubutawa. Ranar da jiki ya ƙi, a kira wurin aiki tun da sassafe, kafin ma a nufi likita.