Ƙwayar da ke buɗe ƙirji, ta ɓata hali

Ɗan ƙanwata yana da asma irin tawa. Hunturu na kamawa na ga ya zaro katin prednisolone daga aljihu, ya ɓalli biyu ya afa. Na ce wa ya rubuta maka? Ya ce, "Kawu, a kyamis ake ba da ita, nan da nan ƙirji ke buɗewa."

Ni zai gaya wa? Na yi shekaru ina shan ta. Tana kwantar da kumburin hanyoyin iska, numfashi ya daidaita. Abin da mai kyamis bai faɗa mini ba shi ne tana taɓa hali. Da farko sai in ji ni garau, ga ci, ga surutu, dare ya raba ina lissafin kasuwancin da ba zan taɓa yi ba. Daga baya sai faɗa. Yaro ya yar da cokali, in hau shi da masifa. Uwargida ta ɗauka aure nake nema, 'yan uwa suka fara zancen ruƙiyya. Fuska ta cika, ana cewa hutu ya karɓe ni, ashe sikari ne ke hawa. Da barci ya gagara na haɗa da D5, ƙwayar barci ta diazepam, wadda ke rage ƙarfin numfashin da nake nema.

Amma a yi mini adalci. Inhela mai ruwan ƙasa da likita ya rubuta, beclometasone, ta fi ƙwayar tsada nesa ba kusa ba, kuma sai ka jure shaƙa safe da yamma kafin ka ga amfaninta. Wanda numfashi ya taɓa sarƙe masa tsakar dare ba ya da wannan haƙurin. Duk da haka, ganganci na yi.

Ku kuwa matasa, mene ne uzurinku? Waya na hannunku, amma likitanku TikTok. Sai da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, har yanzu wasunku na nemansa, da asmarsu.

Ku rabu da ƙwayar nan ta prednisolone. To, wanda ya yi makonni yana sha kada ya yanke rana ɗaya, jiki na iya durƙushewa. Likita ne ke rage ta sannu a hankali. In kuma asma ta tashi ya rubuta maka ta kwana 5, ka shanye, tana ceton rai. Ventolin kuwa, inhela mai launin shuɗi da ake shaƙa in numfashi ya sarƙe, in kana ƙarar da 3 a shekara, ciwonka bai kwanta ba, koma asibiti. Rawar hannu da bugun zuciyar da take sawa ba aljanu ba ne. Mai ruwan ƙasar ita ce ta kullum, ko kana jin lafiya, kuma ka kurkure baki bayan ka shaƙa.