Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Daren da na karɓi jinyar Baba

Makon jiya na tsaya a inda muka gama horon 'yan sa kai na taya jinyar waɗanda ciwonsu ya wuce warkewa aka raba mana gidaje. Ni dai a tunanina zuwa zan yi in zauna gefen mara lafiya in riƙe masa hannu in ta ba shi baki, abin da ban samu na yi wa mahaifiyata ba kenan, ku da kuke bin labarin nan kun san shi ne ya kai ni. Ashe ba nan gizo ke saƙar ba.

Nas ɗin da ta horar da mu tun ranar farko ta ja mana kunne, ta ce ku ba likitoci ba ne, ba ku ba da magani, ba ku ƙarawa ba ku ragewa, ko mai jinya ta durƙusa muku ni za ku kira. A bakinta na fara jin sunan Cicely Saunders, baturiyar Ingila da ta fara da aikin nas, ciwon baya ya raba ta da shi, daga baya ta koma makaranta ta zama likita, a 1967 ta buɗe gidan jinya mai suna St Christopher's a Landan saboda waɗanda ciwonsu ya wuce warkewa. Ita ta dage a kan a dinga ba da mofin, wato maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, a kan lokaci, duk bayan awa huɗu, ba sai mutum ya fara murƙususu sannan a hau neman allura ba. Kuma ta ce ciwo ba a jiki kaɗai yake ba, akwai tsoro, akwai tunanin waɗanda za a bari, akwai abin da ke tsakanin mutum da Ubangijinsa, su ma iyalin marasa lafiya ne. Wannan na ƙarshen na rubuta shi a littafi ne kawai, ban gane shi ba sai da na shiga gidan.

Dattijo ne, kansa ta ci shi har ta kai ƙashi. 'Yarsa ta fari ce ke jinya, wata bakwai kenan. Na ce sannu Yaya, ya mai jiki, ta ce da sauƙi, ai dama haka ake cewa, amma ita ɗin ce na tsaya kallo, ido ya faɗa, wuya duk ƙashi, hannunta na rawa tana zuba ruwa a kofi. Wayarta na ƙara duk bayan awa biyu dare da rana don ta juya shi saboda gyambon kwanciya, ga canjin zanin gado ga wanki ga lissafin magani. 'Yan dubiya kuwa sai su cika ɗaki su yi ta ya mai jiki ya mai jiki su tashi su bar mata kofunan wankewa, babu mai cewa ke fa ya jikinki.

Ranar farko ma na tafka kuskure. Na same ta tana ɗura masa abinci da cokali yana kau da kai tana kuka, ni kuma da ɗanyen karatuna sai na hau bayani, wai idan jiki ya zo ƙarshe ba ya buƙatar abinci, ɗurawar na iya sa ya shaƙe ya wuce masa huhu, a jiƙa auduga a dinga shafa masa a leɓe ya wadatar. Duk gaskiya ne fa, amma ba a bakina ya kamata ta ji ba, kuma ba da wannan muryar ba. Ta ajiye cokalin ta ce ƙanwata, so kike in kashe ubana da yunwa? Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai da nas ta zo washegari ta zauna da ita kusan awa guda sannan ta yarda.

Sati biyu ina zuwa kafin ta amince in kwana ita ta kwanta, shi ma ba ta yarda da ɗaki ba, a kujera ta miƙe ko mayafi ba ta cire ba, kafin in juyo har ta yi nisa. Wajen ƙarfe ɗaya numfashin Baba ya ɗauke, na ƙirga har goma sha biyar sannan ya dawo da sauri da sauri, ya sake ɗaukewa. Na fita waje jikina na ɓari na kira nas, ta ce haka numfashi ke yi idan kwanaki sun matso, in koma in zauna kusa da shi in yi masa magana a hankali, ana kyautata zaton ji yana cikin abin da ke jimawa bai tafi ba.

Ina zama ya buɗe ido. Ya ce 'yata, ta samu barci? Na ce eh Baba. Ya ce to kar ki tashe ta, don Allah.

Ga shi ƙarfe biyu lokacin mofin, ni kuma an hana ni taɓawa. Na zauna ina kallon agogo ina kallon kwalbar ina kallonta, minti goma ya wuce, Baba ya fara yamutsa fuska yana damƙe zanin gado, na tashi na taɓa ƙafarta. Ido a rufe ta auna ta ɗiga masa a gefen kunci, muka juya shi tare, ta koma kujera. Baba bai sake min magana ba a daren.

Da gari ya waye ta rako ni har bakin ƙofa, ta riƙe min hannu ta waiga ta tabbatar ba kowa, ta ce ƙanwata akwai abin da nake roƙon Allah cikin dare wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba, in na faɗa miki za ki ce ni ba 'yar halak ba ce.

Abin da ta faɗa min da amsar da na ba ta sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.